Shaidar Yunana

"Magana ɗaya zan yi, kuma ba ni maimaitawa," in ji Baba Sama'ila. "In rana ce ke kayar da ɗiyar nan, to bana rana ba wanda ta ƙyale, a ɗaura aure bayan kaka. In kuwa wancan ciwon ne, ka cire ranka tun yanzu."

Bai ambaci sunan ciwon ba. A Kona ba a kiran farfaɗiya da sunanta, sai a ce wancan ciwon, a juya a tofar da yawu.

Yunana na durƙushe gaban ubansa, kansa a ƙasa.

"Baba, uwarta ta ce rana ce."

"Uwarta ce, mi kake so ta ce? Ni kai nake tambaya. Kullum kana biye da Esta. Ka taɓa ganin wani abu?"

"Ban ga komai ba, Baba."

Ƙarya ya yi, kuma ya yi ta tsaf, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Baba Sama'ila shi ne dattijon 'yar ikilisiyarmu, mu gidaje kaɗan da ke taruwa ran Lahadi cikin ɗakin ƙasa mai rufin kwano a gefen gari. Bai saba a yi masa ƙarya ba, saboda haka bai iya gane ta ba. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Abin da Yunana ya gani, a jeji ya gan shi, a wannan shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mutane sun koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun sha jiƙo kwana da kwanaki kafin su ciwu. Esta ta bi 'yan mata ɗiban anza, shi kuma ya bi Esta, wai zai taya su ɗaukar kaya. Kowa ya san kayan da ya kai shi.

Tana tsakiyar magana ta yi wata ƙara, ta faɗi. 'Yan matan suka watsar da ƙore suka ranta a na kare, don tun suna goye aka gaya musu duk wanda yawun mai wancan ciwo ya taɓa ya ɗauka. Ba wadda ta waiwayo.

Yunana ya tsaya. Kada a ce jarumta ce, ƙafafunsa ne suka ƙi tashi. Da ya ga kanta na bugun ƙasa sai ya tallabe shi, ya juya ta gefe, kumfa na zuba a hannunsa. Da jikin ya lafa, ya lura zanenta ya jiƙe. Sai ya kwance gorarsa ya juye mata ruwan duka, daga kai har ƙafa, a shekarar da mata ke dambe kan guga.

Da ta farfaɗo ta ce, "Mi ya faru? Mi ya jiƙa ni?"

"Rana ce ta buge ki. Ni na zuba miki ruwa."

Ta yarda. Mai wannan ciwo ba ya tuna faɗuwarsa, abin da aka gaya masa shi ke nan. 'Yan matan kuwa faɗuwar kawai suka gani, amma ta ishe su abin kaiwa gari.

*

Inna Altine, uwar Esta, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tana da nata tsarin. In ɗiyar ta faɗi a gida, sai ta jawo ƙyaure ta rufe ta ciki, ta fito tsakar gida ta hau daka da ƙarfi don kada maƙwabta su ji. Turmin ba komai a ciki. Maƙwabtan ma sun san ba komai a ciki, amma ba wanda ya tanka.

Tana da kuma nata surukin da ta zaɓa, Mai Nasara, direban kumandan, sojan da ke mulkin Tasawa. Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, kuma wanda ke tuƙa soja shi ma rabin soja ne. Yakan zo da jar dawar taimako a bayan mota, ya sauke ƙofar gidan Altine kowa na kallo, ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa.

"Ke, tashi ki wanke fuska, baƙonki ya zo," in ji Altine.

"Inna, na gaya miki ni Yunana nake so."

"Yunana mi? Yunanan da ubansa ke ta dudduba ki kamar akuyar kasuwa? Wannan bawan Allah bai tambayi komai ba. A ɗaura, ya tahi da ke Tasawa, ki ci ki ƙoshi. In ya gani daga baya, ai ya riga ya ɗauka."

"In ya ga mi, Inna?"

Altine ta juya mata baya.

"In ya ga mi? Ki faɗa mini."

"Rana," in ji Altine.

Esta ta fashe da kuka. "Rana tana cizon harshe? Rana tana shiga ɗaki da sassafe? Ina tashi da jini a baki, Inna, jikina duk ciwo kamar an yi mini duka, in tambaye ki ki ce rana. A majami'a in na zauna, benci sai ya yi faɗi. Ni kaɗai ce a garin nan ban san abin da ke damuna ba."

"Rufe mini baki! Kina so a ji?"

Ta rufe. Ta wanke fuska, ta fita ta gaida Mai Nasara, ya yi ta ba ta labarin Maradi da fitilun lantarki, tana cewa to.

*

Ana cikin haka motar jami'a ta iso daga Yamai, fara fat, da takardar izinin kumandan manne a gilashi. Suka sauka gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ba su ɗakin baya. Mai shela ya zaga gari yana cewa likitocin jami'a sun zo neman masu ciwon faɗuwa, magani kyauta.

Ranar farko layi ya kai har bakin hanya. Da aka gane ba hatsi ake rabawa ba, ya watse. Sai wasu makiyaya da suka kawo dattijonsu bisa jaki, don su shanunsu sun ƙare, kunyar gari kuwa ba ta dame su ba.

Wadda ke riƙe da aikin ɗaliba ce mai shirin gama karatun likita, Madam Zara'u, 'yar Mayahi. Malamanta sun turo ta ne ta bi masu farfaɗiya wata bayan wata, ta ba su farar ƙwayar da ke hana faɗuwa, ta kuma zauna da su ta ji ko suna barci, ko suna ci, ko ransu ya ɓaci har sun fara ƙin duniya. Abin da jami'a ke son ganewa shi ne ko ƙwayar kaɗai ta isa, ko sai an haɗa da wannan zaman. Mutanen gari suka ce ba su taɓa ganin likita mai son hira haka ba.

Ran kasuwa Yunana ya hango Esta ta shiga ta ƙofar baya, ta ja mayafi har hanci. Ba ta daɗe ba ta fito, idanu jajur, hannu wayam. Ya jira har Madam Zara'u ta fara loda kaya a mota, sannan ya matso.

"Madam, sannu da aiki."

"Yawwa, sannu. Kai ne mara lafiyar?"

"A'a. Tambaya ce. In mutum na da wannan ciwo, mi ake bukata a ba shi maganin?"

Ta ajiye akwatin da ke hannunta. "Ka ga, bana kowa faɗuwa yake. Yunwa na kayarwa, rana na kayarwa. Ƙwayar nan kuwa ba a ba wanda ba shi da ciwon, kuma in an fara ba a bari kwatsam. Shi mara lafiyar bai san abin da ke faruwa da shi ba in ya faɗi. Saboda haka ba mu ɗaukar kowa sai da témoin."

Ta ga bai gane ba, ta nemo kalmar da Hausa.

"Shaida. Sai wanda ya gani da idonsa ya ba da shaida, tun daga farko har ƙarshe. Kada ya rage komai, ko abin kunya ne."

"Ya ba da shaida," in ji Yunana a hankali.

"Haka ne. Yanzu mun tahi Mayahi, Litinin muna nan. Wanda ba a ba da shaidarsa ba, sai wani zagayen, shi ma in an samu esans, man mota."

Direba ya danna oda, ta shiga, suka tafi.

A nan aka yi kuskuren, kuma ba laifin kowa ba ne. Madam Zara'u musulma ce mai tunani da faransanci, a bakinta shaida ba ta wuce mutum ya zauna kan kujera ya gaya wa likita abin da ya gani ba. A wurinmu kuwa ba da shaida abu guda ne. Ran Lahadi, bayan waƙa ta biyu, Fasto ya ce wa ke da shaida, mutum ya miƙe tsaye gaban ikilisiya ya zazzage abin da ke cikinsa, jama'a su ce amin. Tun Yunana na tsirara abin da ya sani ke nan. Da ya ji kuma an ce Litinin, sai lissafin ya yi masa daidai, tunda Lahadi ce ke gabanta. A ransa ya ce, in ikilisiya ta ji, Fasto zai tabbatar wa likitoci.

Bai tambayi kowa ba. Wa zai tambaya, alhali tambayar kanta tona asiri ce?

*

Ran Asabar da hantsi Yunana ya sami Esta bayan dangar gidansu tana tsintar karan da za a hura wuta.

"Na gan ki gidan likita," ya ce.

Ba ta musa ba. "Matar kirki ce. Ta tambaye ni ko ina barci. Tunda nake ba wanda ya taɓa tambayata haka. Amma ta ce sai da wanda ya gani. Inna ta ce in na sake zuwa ta tsine mini. Su Bintu kuwa, da muka je ɗiban anza tare, gudu suka yi. Ba wanda ya gani, Yunana."

Ya duƙa ya tsinci kara guda, ya miƙa mata.

"Kai ma ka ce rana ce."

"Na ce."

"To shi ke nan, rana ce." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka san kwanan baya na je rijiya, na cika tulu, na tsaya ina kallon ciki? Na daɗe. Na ce in na faɗa a nan, ai kowa ya huta. Inna ta daina dakan banza, babanka ya samo maka lafiyayya, Mai Nasara ya kai dawarsa wani gida."

"Esta, don Allah bari wannan magana!"

"Na faɗa wa Madam ma. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari ba ni zuwa rijiya ni kaɗai kafin Litinin. Na yi mata."

"Ni ma ki yi mini."

"Kai mi za ka yi da alkawarina? Ka je ka gaya wa babanka rana ce, a ɗaura mana aure, in yi ta faɗuwa a ɗakinka kana zuba mini ruwa."

Ta ɗauki karanta ta shige gida.

Yunana ya tsaya yana auna abin. In ya yi shiru, yana da aure, yana kuma da rijiya. In ya yi magana, ubansa ya riga ya faɗi hukunci. Yana son ta, so irin wanda ke hana mutum cin tuwo ko a shekarar yunwa, kuma ya tsorata ƙwarai.

*

Ran Lahadi majami'a ta cika, don yunwa tana ƙara wa mutane ibada. Maza a dama, mata a hagu. Mai Nasara ya zo cikin kakinsa mai guga, ya zauna gaba kusa da dattawa. Esta na can ƙarshen bencin mata, da fili tsakaninta da ta kusa da ita.

Aka yi waƙa ta biyu. Fasto Zakariya ya ce, "Wa ke da shaida?"

Wata tsohuwa ta miƙe ta gode wa Allah akuyarta ta haihu. Aka ce amin. Sai Yunana ya tashi.

Baba Sama'ila ya yi murmushi. Ɗan nasa bai taɓa ba da shaida ba.

"Ina gaida ikilisiya," in ji Yunana. "Shaidata kan Esta ce, ɗiyar Inna Altine. Ranar da aka je ɗiban anza, ina wurin. Na gaya wa Baba ban ga komai ba. Na gani."

Kowa ya waiga wajen Esta, shi kuwa ya ci gaba.

"Ta yi ƙara, ta faɗi ta baya. Jikinta ya sandare. Idanunta suka juye sama, sai fari. Sannan hannuwa da ƙafafu suka kama fizga."

"Kai, zauna!" in ji Baba Sama'ila.

Bai zauna ba. An ce masa daga farko har ƙarshe, kuma Yunana mutum ne mai cika umarni. Yana magana yana kallon bangon gabansa, kamar ɗan makarantar lakkol mai ba da hadda.

"Ta ciji harshenta, jini ya fito da kumfa. Na riƙe kanta, kumfar ta zuba mini a hannu, ga shi har yau ban faɗi ba. Da ta lafa na ga ta yi fitsari a zanenta. Sai na zuba mata ruwan gorata don kada ta sani. Ta yi barci, ta tashi, na ce mata rana ce. Ba rana ba ce. Farfaɗiya ce. Ina roƙon Fasto ya tabbatar wa likitocin jami'a na ba da shaida, a ba ta magani. Shi ke nan."

Ba wanda ya ce amin.

Inna Altine ta ɗora hannu a ka ta rusa ihu. "Wayyo ni Altine! Ya kashe ni! Mi muka yi maka, ɗan Sama'ila? Mi muka ci naka?"

Matan da ke bencin Esta suka ƙara matsawa, har ta ƙarshen ta kusa faɗowa. Mai Nasara ya miƙe, ya gyara wandonsa, ya bi ta tsakiyar majami'a ya fita. Aka ji tashin mota. Ba a sake ganin dawarsa a Kona ba.

Esta kuwa ba ta yi kuka ba. Tare da kowa ta ji labarin, a karo na farko, kuma zanen da ke jikinta ranar shi ne wanda ake magana a kai. Ta dube shi, ta sa hannu ta shafa shi a gwiwa. Sannan ta tashi ta fita, mutane na buɗe mata hanya fiye da yadda take bukata.

Fasto Zakariya, da ya rasa abin yi, ya ce a yi waƙa ta uku.

A gida Baba Sama'ila bai ɗaga murya ba.

"Ka yi mini ƙarya, ka kuma tona ta gaban jama'a, wannan tsakaninka da Allah. Aure babu. Hannun nan da ka ce kumfa ta zuba, kada in gan shi cikin kwanona. A ware mashi nashi."

"Baba, ku yi haƙuri, ranta nake ceto."

"To ka ceta. Na ce aure ne babu."

*

Litinin da safe motar jami'a ta dawo. Yunana ya riga kowa isa, ya taho da Fasto Zakariya. Can sai ga Esta, ta ƙofar gaba wannan karon, fuska buɗe, tunda ba sauran abin rufewa. Inna Altine na biye da ita, idanu kumbure. 'Yan kallo suka taru a inuwar itacen bedi, har da waɗanda ba su taɓa ciwon kai ba.

Madam Zara'u ta shigar da su ɗakin baya.

"Madam, na ba da shaidar," in ji Yunana. "Ga Fasto, shi zai tabbatar."

"Ka ba wa? Ai yanzu na iso."

"Ikilisiya. Jiya."

Ta dubi Fasto. Fasto ya dubi ƙasa, ya yi mata bayani a taƙaice, yadda ake yi bayan waƙa ta biyu.

"Gaban mutane? Duka?"

"Daga farko har ƙarshe, yadda kika ce. Ban rage komai ba."

"Innalillahi," in ji Madam Zara'u. Ta zauna. "Bawan Allah, ni kaɗai za ka gaya wa. Nan, kan kujerar nan, ƙofa rufe. Ko majo ba ya ji. Sunanta ma ba ya fita daga ɗakin nan, ko malamaina ba su san shi ba."

Yunana ya dubi kujerar. Kujerar ƙarfe ce, fentinta ya ɓare.

"Nan kawai?" ya ce.

"Nan kawai."



Madam Zara'u ta juya wurin Esta. "Ƙanwata, ki gafarce ni. Ni na faɗi kalmar, ban san tana da wata ma'ana a wurinku ba. In kin yarda, ya zauna ya maimaita mini, mu gama."

"Ba shi ba," in ji Esta.

"To wa?"

"Inna. Ta gani fiye da shi. Kafin ta rufe ƙyaure tana gani."

Altine ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta tuna ba sauran wanda za a ɓoye wa. Ta ja kujerar ta zauna, tana kuka ƙasa ƙasa. "Tun tana shekara goma sha ɗaya," ta fara. Madam Zara'u ta ɗaga hannu, ta ce maza su fita, a rufe ƙofa.

Haka shaidar Yunana ta tashi ba a yi aiki da ita ba.

Ya zauna a baranda, rana na hawa. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya tafi. 'Yan kallo suna nan, ba su gaji ba.

Da aka buɗe ƙofa, Madam Zara'u ta fito da Esta, ta ɗebo ruwa a randar baranda cikin kofin roba, ta miƙa mata da farar ƙwaya guda. Ta ɗaga murya yadda na inuwar bedi za su ji.

"Ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ba ta yawu, ba ta kwano, ba ta zama kusa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana jin magani. Kullum guda, kada ki tsallake. Duk wata ina nan, mu zauna mu yi hira."

Aka yi gunaguni a inuwar bedi. Ba wanda ya yarda, amma tunda da takardar kumandan ta zo, ba wanda ya musa.

Esta ta haɗiye ƙwayar, ta sha rabin ruwan, ta ajiye kofin a bakin randa.

Yunana ya miƙe. "Esta, ki saurare ni. Wallahi ban sani ba. Na ɗauka haka ake yi."

"Na sani."

"Na rasa Baba, na rasa kwanon gidanmu. Ban damu ba. Mu tahi Maradi, mu tahi ko'ina, ni zan riƙa ba ki ƙwayar da hannuna."

"Su Bintu da suka gudu, na yafe musu," in ji Esta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ba su ga komai ba. Kai ka tsaya, ka gani, ka rufa mini asiri har ni kaina ban sani ba. Da ka zo bayan danga ran Asabar ka ce, Esta, ga abin da na gani, da na ji kunya kwana biyu ta wuce. Ni ce mai jikin, Yunana. Ni ya kamata in fara ji."

"Tsoro na ji."

"Ka ji tsoron gaya wa mutum ɗaya, ba ka ji tsoron gaya wa gari ba."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata. Shi ma yana kuka, ƙato da shi, gaban 'yan kallo.

"Don ki warke na yi."

"To, zan warke, in Allah ya so. Na gode. Amma duk ranar da ka dube ni, na san abin da kake gani. Ba ni iya zama ɗaki guda da wannan."

Yunana ya waiga, ya rasa abin kamawa. Idonsa ya faɗa kan kofin. Ya ɗauke shi, ya juya wajen inuwar bedi yadda kowa zai gani, ya kafa baki daidai inda ta sha, ya shanye sauran ruwan. Wata mata ta yi salati. Wani ya ce yaron nan ya haukace.

Ya sauke kofin yana haki, ya dubi Esta.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta share fuska da bakin mayafi.

"Ka gani?" ta ce. "Har yanzu gaban mutane kake yi."

Ta kama hannun uwarta suka sauka daga baranda. Yunana na tsaye da kofin a hannu har majo ya zo ya ce ya ba shi, akwai masu jira.